Kifi da Iri a Ɗaki Ɗaya

Gidanmu ne yake riƙe wa gari irin kifi. Ban san wanda ya fara ɗora mana wannan kaya ba, na dai buɗe ido na tarar da shi. Ƙauyenmu yana gindin duwatsun nan da ke kusa da Dutse, muna da tafki ɗaya wanda yake cika da damina, ya ƙafe ƙaf kafin tsakiyar rani. Idan ruwan ya ja baya ya kusa zama taɓo sai a yi su, wato kamun kifi na gayya, kowa ya kwashi rabonsa, amma ba a taɓa ƙananan tarwaɗa. Babana ne yake tsince su a ƙwarya ya kawo gida, ya zuba su a manyan kwatarni masu faɗin baki, mu yi ta renonsu da dusa da gara har ruwan sama ya dawo, sannan a mayar da su tafki. Mutane suna girmama shi saboda haka. Shi ma ya san ana girmama shi, ko a tafiyarsa za ka gane.

Kwatarnin a tsakar gida suke zama, ƙarƙashin rumfar kara. Ƙara musu ruwa aikina ne tun da wuyana ya iya ɗaukar tulu. Kullum ruwan yana raguwa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Rana ta sha nata, akuya ta sha nata, kaji sun tsoma baki, to mene ne abin tambaya?

Abu na biyu da Baba yake ji da shi, wanda ma ya fi kifin, shi ne irin geronsa. Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, yakan bi gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniya masu cikar ido, ya ɗaure su daban, ya ajiye a can saman rumbu inda ko Inna, mahaifiyata, ba ta kai hannu. Daga hannun kakana ya gaji irin. Ko yunwa ta kai mu cin tafasa da rama, ba a duban wajen da yake, domin shi ne abincin baɗi gaba ɗaya. Baba yakan ce tun da aka haife shi bai taɓa riƙe ƙoƙo ya je ƙofar wani neman iri ba, kuma yakan faɗi haka da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Abin da zan ba da labari ya faru ne ba da daɗewa ba bayan Nasara sun ci Kano. Ni a lokacin ban taɓa ganin Bature ba, sai dai labarinsa, labari kuwa ya fi mai shi girma. Wani falke da ya biyo ta wajen Garki ya kwana a zaurenmu, ya ce ya ga garin da sojoji da 'yan dakonsu suka yada zango. Ya ce sun kame kaji, sun fasa rumbuna, har irin shuka sun zuba wa dawakai. Ina laɓe a bayan zana ina ji. Na ga Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko, bai ƙara kai hannu akushi ba.

Washegari ya yanke shawara. Akwai soron kakana a ƙuryar gida, tun da ya rasu ba mai kwana ciki. Baba ya sa aka kinkimo kwatarnin aka jera a ƙasan ɗakin. Ya sauko da irin geron daga rumbu, ya rataye shi a jikin azara, daidai saman kifin, don kada ɓera ko gara su kai gare shi. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe 'yar tagar ɗakin, ya shafe ta sumul kamar ba a taɓa yin taga a wurin ba. Ƙofar kuma ya rufe ta da tufaniya, ya jingina tsofaffin zana da tarin itace, duk wanda ya gani zai ce kango ne. Sai ya bar 'yar kafa ta ƙasa, wadda babba ba zai iya bi ba sai yaro. Yaron kuwa ni ce.

“Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, “ke ce idona a cikin ɗakin nan. Ki shiga da safe, ki ba su dusa, ki cika musu ruwa, ki fito. Ko ƙawarki kada ta ji.”

Na ji daɗi ranar, har da wani ɗaga kai. Ban san abin da na karɓa ba.

Da farko lafiya lau. Nakan rarrafa in shiga, in jawo tulu a bayana, in tsaya har idona ya saba da duhu. Sai bazara ta kama gadan-gadan. Abin da na fara lura da shi shi ne ruwan bai daina raguwa ba. In cika kwatarniya har wuya, gobe in zo in tarar ya sauka. Na tsaya na yi tunani irin na yara: nan babu rana, babu akuya, babu kaza, ko ƙadangare ban gani ba. To wa yake sha?

Na faɗa wa Inna, ta ce kifi ne. Na faɗa wa Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta girmi kowa a unguwarmu kuma ba a ja da maganarta. Ita ba ta ce kifi ne ba. Ta daina kaɗin da take yi, ta dube ni.

“Kifi a ruwa yake kwana, ba ya ƙarar da shi,” in ji ta. “Ke dai ki riƙa yin bisimilla kafin ki shiga.”

Daga nan ɗakin ya fara sauyawa. A waje iska a bushe take, leɓe har tsagewa yake, amma da na cusa kaina ta kafar nan sai wani ɗumi mai laima ya rufe mini fuska, kamar an buɗe tukunyar tuwo. Numfashi ya yi nauyi. Zanena yakan manne mini a jiki kafin in gama zuba dusa. Wata rana na dafa bango don in miƙe, na ji tafin hannuna ya jiƙe. Bangon ƙasa, a tsakiyar bazara, shekara ta yi nisa da ruwan sama, yana gumi kamar mutum! Na fito a guje har na ƙuje gwiwa a bakin kafar, na nuna wa Kaka hannuna da jar ƙasa a jiki.

Da yamma ta kira Baba ɗakinta, ni ma ina zaune. Ta ce ai ruwa ba ya tsami banza. Ta ce kowane tafki da mai shi, kuma mai tafkinmu mace ce, tun zamanin iyayenta an san da ita. Duk shekarun da kifin yake tsakar gida tana zuwa ta duba 'ya'yanta ta koma, ba ta cutar da kowa. Bana an kulle mata su a duhu, shi ya sa ta tare a wurinsu. Ita ce take shan ruwan, kuma laimar nan numfashinta ne.

“To Iya, yaya za a yi?” in ji Baba.

“A bar ta inda take. Kada a buɗe ƙofa, kada a rage mata ruwa. In ta ji ƙishirwa fitowa za ta yi nema, randar ɗakin matarka za ta fara dubawa, ga goyo a ciki.”

Ƙanena a lokacin ko zama bai fara ba. Daga ranar aka ƙara mini tulu a kan na da, aka ce in riƙa ajiye wata ƙwaryar ruwa a buɗe a tsakiyar ɗakin, ta baƙuwa. Ita ma ƙwaryar kullum sai ta ragu. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa maganar Kaka.

Yau da na tsufa na san abin da yake faruwa, kuma ba wani abin ɓoye ba ne. Ruwa yana tashi sama ko ba a hura masa wuta ba, yadda jiƙaƙƙen zane yake bushewa a kan igiya. A tsakar gida iska ce take kwashe shi ta yi gaba. A ɗakin da aka toshe ba shi da wurin zuwa, sai ya tsaya a cikin iskar ɗakin, ya kwanta a bango, ya shiga duk abin da ya samu. Mu kuma muna ta ƙara masa ruwa da hannunmu. Amma wannan sanin na yanzu ne. A lokacin abin da na sani kawai shi ne akwai wata a ɗakin, kuma ni kaɗai ake turawa wurinta.

Tsoro ya hana ni ƙiba a bazarar nan. Nakan shiga da ido a ƙasa, in zuba ruwa, ina jin tarwaɗa suna tasowa suna haɗiyar iska, ɓul, ɓul, kowace ƙara sai in ce ita ce ta motsa. Ban taɓa ɗaga kai na dubi sama ba. A ganina in ma tana wani wuri to a can take, tsakanin azara, tana kallon ƙeyata.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga wani makiyayi ya shigo gari a guje yana cewa ga sojojin Nasara nan a kan hanya. Can nesa muka ji busa irin wadda ba mu saba ji ba. Gari ya rikice. Maza suka kora dabbobi bayan duwatsu, mata suka yi ta cusa kaji a cikin tukwane. An ce suna kama yara su ɗora musu kaya, ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba har yau. Inna ta goya ƙanena, ta finciko hannuna, ta kai ni bakin kafar nan.

“Shiga.”

“Inna, don Allah, ba nan ba. Ki bar ni in bi ki.”

“Shiga na ce! Kada ki fito sai kin ji muryata.”

Ta tura ni, ta jawo itace ta toshe kafar. Ɗan hasken da nake samu ta nan ya ɗauke.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na tsugunna a tsakanin kwatarni na rungume gwiwoyina. A waje masu kama yara, a ciki mai tafki, na rasa wanda zan fi tsoro. Zufa tana bin bayana. Ina karanta 'yan surorin da na iya, ina haɗa wannan da waccan. Sai wani abu mai sanyi ya ɗiga mini a wuya. Na ƙame. Ya sake ɗigowa, ya gangara cikin zanena. Na ce shi ke nan, tana bisa kaina, yawunta ne. Na so in yi ihu, na tuna da na waje, na cusa gefen zane a baki na cije.

Da abin ya ishe ni sai na miƙe zumbur don in canja wuri, kaina ya bugi wani abu mai laushi da yake reto. Na kai hannu don in kare fuskata, na damƙe shi. Gashi ne, mai laima, mai ɗumi. Na daɗe a haka kafin yatsuna su gaya mini cewa a ƙarƙashin gashin akwai ƙwayoyi, kuma abin da na riƙe zangarniyar gero ce. Na matsa ta kaɗan, ta narke mini a hannu kamar dafaffen wake. Wani wari ya taso, irin na ƙullun da ya kwana biyu. A nan wani tsoron daban ya shige ni, wanda ya fi na farko, domin ko yarinya ta san abin da ake nufi da iri.

Sojojin ba su shigo garinmu ba. Sun bi hanya sun wuce, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Da la'asar Inna ta janye itacen ta kira ni, na fito da abin a dunƙule a hannuna, na wuce ta, na je na buɗe shi a gaban Baba. Fumfuna ce fara da baƙa ta lulluɓe geron.

Inna ce ta fara magana, ita da ba ta cika sa baki a gaban Kaka ba.

“Malam, a fito da irin nan yau a shanya. A fasa tagar nan iska ta shiga. Ko daddawa aka rufe haka ai ta ruɓe.”

“A fasa taga ta fito ta ina?” in ji Kaka. “Abin da ta hura wa numfashi za ki baza a tsakar gida, inda ɗanki yake kwance? Ke ba ki da tsoro ne?”

“Ina da shi, Iya. Yunwa nake tsoro.”

Baba yana tsaye a tsakaninsu. Na ga yana son bin maganar Inna, na gani a fuskarsa. Amma sojojin nan ba su yi nisa ba, ana cewa za su dawo ta hanyar, shanya iri a fili kuwa kamar kiran su ne. Ga kuma mahaifiyarsa, wadda bai taɓa ƙetare maganarta ba. Ya goge hannuna da bakin rigarsa, ya ce wannan ta ƙasa-ƙasa ce, ta kusa da ruwa, na sama lafiyarsu ƙalau. Ya ce damina ta kusa, a ƙara haƙuri. Bai shiga ya duba ba. A ganina tsoron abin da zai gani ne ya hana shi.

Haka na ci gaba da kai ruwa. Yanzu kuma ina ɗaga kai, ina ganin gashin nan yana ƙaruwa, yana bin igiya yana hawa. Kullum in fito in faɗa wa Inna, ita kuma ta ci gaba da dakanta.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, tafki ya kawo. Da gari ya waye Baba ya kwashe itacen, ya yaye tufaniya, ya yi bisimilla ya shiga, Kaka tana daga baya tana addu'a. Babu abin da ya fito sai wari. Kifin kuwa sun yi ɓul-ɓul, ba mu taɓa fitar da masu ƙiba kamarsu ba. Aka ɗauke su a ƙore zuwa tafki, yara suna bi suna tsalle, dattawa suna sa wa Baba albarka. Ya amsa wa kowa da fara'a. Da muka dawo gida ya shiga soron shi kaɗai, ya sauko da irin, ya zauna a ƙasa yana warware shi ɗaya bayan ɗaya. Na saman ma sun tafi. Waɗansu sun yi baƙi, waɗansu sun tsira a rataye sun mutu. Ya murza, ya sheƙe, ya tara abin da yake da kamar ƙwaya, bai cika ƙoƙo ba, shi ma duk ya yi toka-toka.

Inna ta ce bari ta tafi Aujara wurin 'yan'uwanta ta samo ko kaɗan ne. Ya ce ba za a ji wannan a bakin surukansa ba. Ta ce to maƙwabta. Ya ce mutumin da ya riƙe wa gari iri shekara da shekaru ba zai fita ya ce ya kasa riƙe nasa ba. Ya ce iri yana da rai ko ya yi baƙi, ƙasa ce take tashinsa.

Muka fita shuka tare da kowa. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna binsa muna jefawa muna takewa. Maƙwabcin gonarmu ya ɗago hannu ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, Baba ya amsa da amin da ƙarfi. Ni kuwa kowane rami na jefa wa ƙwayar nan sai in ji kamar ina binne wani abu ne. Da ƙoƙon ya ƙare tun ba mu kai rabin gona ba, Baba bai daina sara ba, mu ma ba mu daina binsa ba. Muka yi ta sa hannu a ƙoƙon da babu komai muna takewa, don kada na gefe su gane.

Sai jira. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, har na cikin soron bai kai shi ba. Kowace safiya ina bin Baba gona. Gonakin mutane suka fara yin kore, layi-layi, tamu tana nan ja kamar ranar da aka share ta, sai ɗan tsiro nan, wani can, waɗanda ba su fi a rufe da tabarma ba. Yakan tsugunna ya tona rami da yatsa, ya duba, ya mayar da ƙasar. Ya daina zama a dandali da yamma. A gida Kaka ta daina kaɗi, Inna ta fara rage awon tuwo tun rumbu bai yi ƙasa ba. Babu wanda ya ce da kowa kai ne ka jawo.

Mutane sun gani mana, gona ba ta ɓoyuwa. Amma ba wanda ya iya tarar Baba da maganar, kuma lokacin sabuwar shuka yana ta wucewa.

Da geron mutane ya kai tsawon hannu aka fara cira, ana rage tsiron da ya yi yawa a rami ana zubarwa a bakin gona don awaki. Rannan an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Baba ya ce in ɗauko kwando. Muka bi ta gonarmu muka wuce, har iyakar ta maƙwabcinmu, wanda a haife Baba ya kusa haifarsa. Yana cira shi da 'ya'yansa. Da suka hango mu suka miƙe za su gaishe shi, sai suka ga kwandon. Uban ya yi wa yaran wata magana a hankali, duk suka juya mana baya suka sunkuya, suka ci gaba da aikinsu. Na lura cirar tasu ta ƙaru, har da wadda ba ta kamata a cire ba, kuma suna jefo ta kusa da inda muke.

Baba ya tsaya a kan tarin tsiron nan da akuya ta riga ta fara ci. Ya kore ta. Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a cikin taɓo, ya fara tsinta yana karkaɗe ƙasa yana jerawa a kwando. Ni na kasa motsi, sai hawaye.

“Uwata,” ya ce, bai ɗago ba, “zo ki taya ni. Ki zaɓi mai saiwa, shi ne zai kama in mun dasa.”